Jan Katin Da Na Rataya Wa Ƙanina

Ni ne shugaban 'yan dako na babbar kasuwa, kuma a ranar da abin nan ya faru aikin da aka ba ni shi ne in kwanta a ƙasa in yi kamar na kusa mutuwa.

Sakataren babban asibitin gari ne ya aiko aka kira ni. Mutum ne mai jiki, mai ƙamshin turare, irin wanda yana yi maka magana idonsa na kan waya. Ya ce wasu baƙi za su zo daga wata hukuma su duba ko asibitin a shirye yake ya karɓi mutane da yawa lokaci guda in an yi babban haɗari, kamar mota ta kife ko gini ya rufta. In sun gamsu, akwai tallafin da za su bayar. Saboda haka za a yi atisaye a gabansu, kuma yana son ƙarfafan maza su yi masa aiki iri biyu, su ɗauko kaya, sannan su zama waɗanda suka ji rauni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaukar kaya sana'armu ce. Jin rauni ma mun saba, sai dai ba mu taɓa yin na ƙarya ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in zo da mutanena.

Ana gobe atisaye muka yi dakon. Akwai wani babban kantin magani a tsallaken titi, daga can muka kwaso kwalaye, sababbi fil, kowanne a manne. Mai kantin ya tsaya a bakin ƙofa yana bin kowane kwali da ido kamar 'yarsa ake fita da ita. Ya ce da Sakatare, "Aro ne fa. Yadda suka fita haka za su dawo. Wanda aka yage, asibiti ya saya." Sakatare ya juyo ya maimaita mana, ya je ya maimaita wa ma'aikatan jinya, har sai da masu shara suka haddace. Ba wanda zai buɗe ko leda ɗaya. A jera su kawai inda ido zai gani.

Da muka gama wannan sai aka kai mu can bayan asibitin, tsohon ɗakin gaggawa inda ake karɓar masu rauni kullum. Aka ce mu kwashe komai mu kai wani zaure da ke gaba wanda aka yi wa sabon fenti. Muka kwashe gadajen turawa, da fitilar da ake haska rauni, da teburin ƙarfe, da ƙarafunan rataye ruwa. Har tukwanen iskar numfashi guda biyu muka gungura, an goge su suna sheƙi. Abin da muka bari a ɗakin shi ne benci, da bokiti, da agogon bango da ya tsaya.

Na ce da Sakatare, "To wanda ya ji rauni na gaske gobe fa?"

Ya ce, "Ya zaga baya."

"Baya ai mun kwashe ta."

"Shugaba, awa nawa ne duka? Ka yi aikinka."

Akwai wata likita a wurin, yarinya siririya, idonta duk ya faɗa don rashin barci. Ta ji abin da na ce, ta dubi Sakatare, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta haɗiye ta wuce. Ni ma na haɗiye. Na daɗe a duniya, na san ba kowace magana ake bi har ƙarshe ba in kana son a sake kiran yaranka aiki.

Washegari da safe aka tara mu a ƙarƙashin bishiya aka shiga yi mana kwalliya. Wani saurayi da bokitin jan ruwa yana yayyafa mana a riga da fuska da gwiwa. Aka raba mana katuna masu igiya mu rataya a wuya. Ja, wanda za a fara ɗauka da gudu. Rawaya, wanda zai iya jira. Kore, wanda zai taka da ƙafarsa. Baƙi kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Dogo, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikinmu kuma ya fi kowa son barci, shi ya samu baƙin kati. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah na gode maka. Yau zan ci kuɗin kwanciya."

Kwalba, wani gajere mai bakin tsiya, kore aka ba shi, ransa ya ɓaci. "Ni da na kwana ina koyon nishi? Matata har ta kira maƙwabta. A ba ni ja, Shugaba, ka sa baki."

Na ce, "Ja na manya ne. Kai ka yi ɗingishi."

"Kai ai ko ba a shafa maka komai ba, duk wanda ya ga fuskarka zai ɗauke ka da gudu."

Aka kwashe da dariya. Katina ja ne, da rubutu a jikinsa wanda ban san me ya ce ba, don ni karatuna bai wuce gane lambar mota ba. An koya mana yadda za a yi. In an busa usur, a ɗauki masu ja a ruga da su zaure. Ma'aikaciyar jinya za ta karanta katin, ta manna filasta inda katin ya ce, ta ɗora robar ƙarin ruwa a hannu ta liƙe ba tare da allura ba. Baƙi su gani, su rubuta, kowa ya kama gabansa.

Hantsi ya yi, baƙi suka iso, aka zaunar da su a rumfa. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. Babban Darakta na asibitin ya tashi yana jawabi. Mu kuwa muna shimfiɗe a filin da ke kusa da babbar ƙofa, rana na gasa mu, ƙudaje na bin jan ruwan don ashe da sukari aka haɗa shi.

Ina nan kwance sai na ji muryar mace a bakin ƙofa.

Da farko ban gane ta ba, don ban taɓa jin ta da ƙarfi ba. Matar ƙanina ce. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskata ba, gaisuwa ma ƙasa-ƙasa take yi min. Yau ita ce take dukan ƙofar ƙarfe da tafin hannu.

"Mun je bayan! Wallahi mun je! Ba kowa sai benci! Ka buɗe, bawan Allah, zai mutu a hannuna!"

Na miƙe zumbur. Mai gadi ya hango ni ya ce, "Shugaba, koma ka kwanta, kai fa ka kusa cikawa."

Ban kula shi ba, na fita ta ƙaramar ƙofa.

Ƙanina mai walda ne, Tartsatsi ake ce masa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma a hannuna ya girma, ni na kai shi wurin koyon sana'ar da kaina don kada ya ƙare da kaya a ka irina. Yana kwance a bayan ƙaramar motar kaya ta maƙwabcinsa. Faifan injin yankan ƙarfe ne ya fashe yana cikin aiki, ɓari guda ya shige masa cinya. Matarsa ta ɗaure wurin da mayafinta, mayafin ya jiƙe sharkaf, jini ya bi ƙasan motar yana ɗiga kan titi. Fuskarsa ta koma kamar toka.

Ya buɗe ido ya gan ni jina-jina da jan ruwa. Ya ce, da wata 'yar murya, "Yaya, kai kuma wa ya sare ka?"

Na ce, "Rufe bakinka. Nawa ya fi naka, ka ga ina ƙorafi?"

Matarsa ta ce, ba ta ko sunkuyar da kai ba, "Yaya, mun je ƙaramin asibitin unguwa sun ce ba su da mai tiyata. Mun zo nan an ce mu zaga baya. A baya wata mata ta ce komai yana gaba. Gaba kuma ga shi a rufe."

Maƙwabcin ya ce ko mu nufi ɗaya babban asibitin da ke ƙetaren gada. Na dubi titi, motoci sun cushe ko babur ba ya motsi. Na dubi mayafin. Wannan ba jinin da zai kai gada ba ne.

Mai gadi ya matso ya ce, "Shugaba, ka san ni. An ce ko uwata ce ta zo kada in buɗe sai baƙi sun tafi. Ina da iyali."

Da ina saurayi da na shaƙe shi. Amma shekaru sun koya min cewa mutumin da ke tsoron rasa aikinsa ba faɗa yake buƙata ba, abin da zai faɗa wa ubangidansa gobe yake nema. Na ce, "Wa ya ce ka buɗe wa mara lafiya? Wannan yarona ne, cikin 'yan wasan yake, makara ya yi. Ba ka ga jan da aka zuba masa ba?"

Ya dubi jinin da ke ɗiga. Ya dube ni. Ya ce, "Ni dai kati aka ce in duba."

Na cire jan katin daga wuyana na rataya wa ƙanina. Mai gadi ya zare sakata, ya juya baya yana kallon wata bishiya kamar yau ya fara ganinta.

Na yi wa yarana fito irin wanda muke yi in babbar mota ta shigo kasuwa. Huɗu suka taso da rawayen katunansu. Muka sauko da shi muka ɗora a gadon turawa da aka ajiye domina. Kwalba ya leƙa, ya ga mayafin, bakin nan nasa ya mutu. Daidai nan aka busa usur.

Ba a taɓa gudu da gado a asibitin nan irin na ranar ba. Mu muka fara shiga zauren. Baƙi suka biyo baya, Darakta na gabansu yana nuna musu da hannu, yana cewa su duba sauri, su duba tsari.

Ma'aikaciyar jinya ta tare mu da murmushin da aka koya mata. Ta kama katin ta karanta da ƙarfi don baƙi su ji, "Rauni a ƙirji!" Ta buɗe masa riga, ta manna filasta a ƙirjinsa lafiyayye, ta liƙa masa roba a hannu. Sannan ta dubi ƙafar ta yi min raɗa, "Baba, wannan ai kun cika masa ja, zai ɓata mana zanin gado."

Na ce, "'Yata, taɓa ki ji. Da ɗumi."

Ta taɓa. Ta dubi yatsunta. Ta ja da baya har ta buge ƙarfen rataye ruwa.

Siririyar likitar nan ta taho, ta ɗaga mayafin kaɗan. Jini ya yi tsartuwa ya sauka a farar rigarta. Ba ta yi ihu ba. Ta dunƙule hannu ta danna cikin cinyar da dukkan nauyinta, ta ɗaga murya, "Na gaske ne! Ruwa, manyan allurai biyu, bandeji, safar hannu! Ku kira tiyata!"

Ba wanda ya motsa. Ga kwalaye jere har rufi, ga ma'aikata tsaye, amma idon kowa ya tafi wuri ɗaya, kan Sakatare.

Sakatare ya matso yana murmushi ta ɓangaren baƙi, ta ɓangarenmu kuwa haƙoransa a cije. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ku fitar da shi ta ƙofar gefe, a hankali. Za a duba shi a baya."

Likita ta ce, "In na ɗaga hannuna ya tafi."

"Likita, kin san kayan nan ba namu ba ne."

"To ka zo ka riƙe, ni in je in sayo!"

Ni fa ba jarumi ba ne. Rabin rayuwata a cewa "to, ranka ya daɗe" na yi shi, kuma da shi na ciyar da gida. Amma na dubi ƙanina, idonsa ya fara juyewa, leɓɓansa na motsi ba magana, ga kuma abin da zai tsayar da ransa a cikin kwalin da ni na ɗauko a kaina jiya. Na zaro ƙugiyar da nake jan buhu da ita, wadda ba ta rabuwa da ƙuguna, na caka wa kwalin farko na farke shi daga sama har ƙasa. Safar hannu ce ta zubo.

Sakatare ya ce, "Kai!"

Ban san wane kwali ke da me ba, rubutun jikinsu duk ɗaya ne a wurina. Don haka na bi layi. Na biyu auduga. Na uku wasu robobi. Na ce, "Yara, ku buɗe mata duka, ta zaɓa!" Sai ka ji kyat, kyat, kyat, zaure ya ɗauka. Ledojin ruwa suka bayyana, bandeji ya gangaro ƙasa yana warwarewa.

Da kwalayen suka buɗe, sai ka ce an kwance ma'aikatan daga ɗauri. Yarinyar da ta manna filasta a ƙirji, ita ce ta fara durƙusawa, ta samu jijiya a karo na farko. Wata ta matse ledar ruwa da hannu biyu don ya yi saurin shiga. Wata ta yanke wandon da almakashi. Ashe duk sun iya aikinsu.

Sakatare ya kama min hannun riga. "Ka san abin da ka yi? Yau a hannun 'yan sanda za ka kwana."

Na ce, "In kwana. Sake min riga, za ka shafi ja."

Likita ta ce a sa masa iska. Aka jawo tukunyar nan mai sheƙi, aka murɗa, shiru. Aka murɗa ta biyu, ko huci. Babbar sista, wata dattijuwa shugabar ma'aikatan jinya, ta cire hularta ta jefar a kan tebur ta ce, "Akwai mai iska a ɗakin haihuwa. Maza biyu su biyo ni." Kwalba da wani suka bi ta a guje, Kwalba ya manta da ɗingishinsa.

Sai maganar jini. Aka aika ɗakin ajiya, aka dawo aka ce irin nasa babu. Na ce a ɗebi nawa. Likita ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Na mutum ɗaya ba zai isa ba, Baba." Na leƙa waje na yi fito. Filin nan da ke cike da masu nishin ƙarya ya tashi tsaye gaba ɗaya. Masu karyayyun ƙafafu suka taho da gudu. Dogo ne a gaba, yana mutsuttsuke ido, baƙin katinsa na lilo a ƙirji. Ya naɗe hannun riga ya ce da mai ɗibar jini, "A fara da gawa, ta fi hutawa."

Duk wannan a gaban baƙi. Shugabarsu ta daina rubutu tuntuni. Ta cire tabarau ta ce da Darakta, "Wannan ma yana cikin atisayen?"

Darakta mutum ne mai saurin tunani, ban raina shi ba. Ya ce, "To, wato, mun so ne ku ga yadda muke yi in abu ya zo ba zato." Ya juyo ya dube ni, da irin kallon da manya ke yi wa talaka in suna son ya taya su. A cikin kallon nan akwai aikin dako na shekara mai zuwa, akwai yafe kwalaye, akwai komai. Abin da ake so kawai in gyaɗa kai.

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Mu ne na ƙarya, shi na gaske ne, ƙanina ne. An kore shi daga ƙofa sai da na ba shi katina. Kayan nan da kike gani na kantin tsallaken titi ne, mu muka ɗauko su jiya, mu za mu mayar yau. Gadajen kuma daga baya muka kwaso."

Ta ce, "Wace baya?"

Kafin wani ya amsa, matar ƙanina ta fito daga lungun da ta raɓe, kanta ba mayafi, hannuwanta duk jini. Ta ce, "Zo in nuna miki. Na san hanya, yanzu na fito daga can." Ta wuce gaba, dattijuwar ta bi ta, sauran baƙin suka bi, Darakta ya bi su a baya yana goge wuya.

Aka tura ƙanina tiyata, likita na tafe a gefen gadon, hannunta har lokacin a cikin cinyar.

Jira ba shi da labari. Muka zauna a zauren cikin yagaggun kwalaye, kowa da auduga a lanƙwasar hannu. Baƙi suka tafi ba su ci abincin da aka shirya musu ba, sista ta sa aka kawo mana, muka cinye. Matar ƙanina ta dawo ta zauna nesa da ni, ta ari ɗankwali a wurin wata mai shara, kunyarta ta dawo mata.

La'asar ta yi sanyi likita ta fito. Ta zauna a kan wani kwali. Ta ce, "Yana nan. An ɗinke jijiyar. Ƙafar ma muna sa rai, amma sai an yi ta wanke wurin ana canza ɗauri, ana ba shi ruwa da allurai. In ya ruɓe, za a yanke."

Na ce, "Akwai kayan yin hakan?"

Ta dubi kwalayen da ba mu kai ga farkewa ba, waɗanda ke jingine a bango.

Ba a jima ba sai ga Sakatare da mai kantin magani, mota na jira a waje. Mai kantin ya ga ɓarnar, ya dafe kai, ya ce wannan tsakaninsa da asibiti ne. Sakatare ya ce da ni, ba ya ko kallona, "Ku loda sauran. Maganarka kuma tana nan zuwa."

Na tashi, na je na zauna a kan babban kwalin da ke ƙasa. Dogo ya zo ya zauna a na kusa. Ɗaya bayan ɗaya yarana suka hau, har Kwalba da ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Na ce, "Za mu mayar, ranka ya daɗe, alkawari ne. Ranar da ƙanina ya fita daga nan da ƙafafunsa biyu."

"Ba za a biya ku ko sisi ba."

"Mun yafe."

"Zan kira wasu 'yan dakon."

"Kira. Daga tasha har bakin kogi, ka samo min wanda zai ɗaga kwalin da nake zaune a kai."

Ya kira 'yan sanda. Wani sajan ya zo da mutum biyu, ya tsaya a bakin zaure yana kallon garada jina-jina a kan kwalaye, wasu da katin mutuwa a wuya. Ya ce, "Wa ya yi musu wannan aika-aika?" Sai da aka daɗe ana yi masa bayani. Da ya gane, ya sosa ƙeya ya ce da Sakatare, "To yanzu me zan rubuta? Sun saci kaya?"

"Sun ƙi ɗauka."

"Yallaɓai, ban san dokar da ta ce dole mutum ya ɗauki kaya ba. Maganar yaga kwalayen kuma, in ka kai ƙara, sai an tambayi na wane ne da abin da ya kawo su nan. Kana so a tambaya?"

Sakatare bai so ba.

Muka raba kanmu. Kasuwa ba ta tsaya ba, amma kullum akwai mutum uku ko huɗu a kan kwalayen, safe da yamma. Sista takan zo da tire ta ce, "Baba, ɗan ɗaga," in ɗaga ta ɗiba in koma in zauna. Ban taɓa tambayarta wa za ta kai wa ba. Na san ba ƙanina kaɗai ba ne, don a kwanakin nan na ga an shigo da wani magini da ya faɗo daga bene, da mata biyu da babur ya kwashe, da wani direba da gilashi ya yanka. Tunda gadajen ma ba wanda ya mayar da su baya, a zauren aka ci gaba da karɓar mutane, ta babbar ƙofa, mai gadi na buɗewa ba ya tambayar kati.

Tallafin kuwa, na ji an ce an dakatar sai an sake dubawa. Sakatare ya aiko a faɗa min cewa ni na jawo wa gari asara, kuma ba ni ba sake aiki a asibitin. Na ce a gaishe shi.

Ranar da aka sallame shi, Tartsatsi ya fito da sanda a hammata, ya rame, amma ƙafafunsa biyu ne, na ƙirga. Katin nan ja yana hannunsa, ya ƙi yarda a jefar. Ya ce, "Yaya, an ce rauni a ƙirji aka rubuta. Saura kaɗan su yi min aikin zuciya saboda kai."

Na ce, "Da sun buɗe ai ba za su tarar da komai ba."

Matarsa ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta sunkuyar da kai.

Da muka sa shi a mota na koma zauren, na ce yara su zo mu cika alkawari. Muka tattara kwalayen, manya da ƙanana, ba nauyin komai, Kwalba shi kaɗai ya ɗora shida a ka. Mai kanti ya ce ba ya karɓar fanko. Sai muka haura bene muka jera su tsaf a ƙofar ofishin Sakatare, har rufi, inda ido zai gani, yadda ya koya mana.